Rayuwar Malam An-Amsa, Mai Manhajar Jadawali

Haihuwa da Tasowa

An haifi marigayin da jama'a suka fi sani da Malam An-Amsa a shekarar 1961, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, cikin gidan haya da ke kallon layin dogo. Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne, mahaifiyarsa kuma tela. Ya taso a shagon mahaifinsa, mutumin da aka yi wa shaidar iya aiki da ƙarancin magana, wanda idan aka tambaye shi abin da ya lalace a rediyo sai ya nuna wurin da baki ya ci gaba da aikinsa. Ɗan ya gaji duka biyun, iya aikin da kuma rowar bayanin.

Karatu da Aiki

Ya shiga firamare a shekarar 1968, ya kammala sakandaren fasaha a 1979, sannan ya kama aiki a wata maɗaba'a yana jera haruffan ƙarfe. A shekarar 1991 maɗaba'ar ta sayi kwamfuta. Yayin da sauran ma'aikata suke kewaye ta kamar za ta yi cizo, shi ya zauna da littafin da ta zo da shi har ya laƙance ta, bai tambayi kowa komai ba. Wannan nasara ce ta cuce shi daga baya, domin ta sa ya ɗauka cewa duk mai tambaya rago ne.

Aure da Zuri'a

A shekarar 1993 ya auri wata malamar makaranta, wadda har shi kansa Malama yake ce mata, Allah kuma ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Zamansu ya kasance na mutunci, ko da yake takan ce da ta san hirar gidan duka ita za ta riƙa yi, da rediyo ta nema a shagon surukinta.

Kafa Manhaja

Farkon kowane zangon karatu Malama takan baje kwali da rula da fensir a tsakar ɗaki tana tsara jadawalin darussa, tana gogewa tana sakewa, domin kada malami guda ya faɗa aji biyu a lokaci ɗaya. Saboda tausayinta ne ya rubuta wata manhajar kwamfuta mai yin wannan aiki a shekarar 2004. Bai sayar da ita ba. Ya ajiye rubutunta a fili a intanet, kowa ya ɗauka kyauta, ya karanta, ya gyara. Makarantu da yawa suka rungume ta, masu taimako suka taru, aka buɗe zauren tambayoyi inda duk wanda ya maƙale zai rubuta matsalarsa.

A wannan zaure ya samo laƙabinsa. Ɗabi'arsa ita ce ya karanta layin farko na tambaya, idan ta yi masa kama da wata tsohuwa sai ya rubuta "An amsa", ya rufe ta, ba sallama, ba nunin inda amsar take. Ya kuma kafa ƙa'idar cewa ba ya amsa tambayar manhaja a waya ko a gida, sai a zaure, domin wasu su amfana. Ƙa'idar mai kyau ce, amma bai cire kowa a cikinta ba, har matarsa. Sannu a hankali masu taimako suka janye jiki. Na ƙarshensu wani malamin lissafi ne da ake kira Dogo, wanda ya kawo gyara a shekarar 2009, marigayi ya amsa masa a bainar jama'a cewa ya fara koyon karatu tukuna. Dogo bai sake leƙo zauren ba.

Shekarun Jarrabawa

A shekarar 2012 likita ya shaida masa cewa ciwon suga ya taɓa idanunsa, kuma ganinsa zai yi ta raguwa. Nan hankalinsa ya tashi, domin ya duba bai ga mutum ko ɗaya da zai riƙe manhajar bayansa ba, alhali makarantu sun dogara da ita. Ya yi shelar neman magaji a zaure, ba wanda ya fito.

A farkon zangon shekarar 2013 Malama, wadda a lokacin ta zama shugabar makarantarsu, ta manta tabaranta a gida, ya bi ta da shi ofis. Ya same ta sunkuye a kan kwali, rula a hannu, tebur duk garin abin goge fensir. Da ya tambayi dalili, ta ce tun da makarantar ta koma karatun safe da na yamma manhajar take jefa mata malami guda aji biyu a lokaci ɗaya. Ta ce: "Na tambaye ka a gida, ka ce in je zaure. Na je zaure da sunan makarantarmu, ka ce an amsa. Ni ban ga inda aka amsa ba, kuma ban ga fuskar sake tambaya ba, Malam."

Ya koma gida ya nemo tambayar, ya karanta ta har ƙarshe a karon farko, ya tarar kuskure ne na gaske a cikin manhajar, kuma shi ne wanda Dogo ya so gyarawa. Iyalinsa sun ce kunyar da ya ji a ranar ta fi ciwon idon yi masa zafi.

Gyara

Daga wannan shekara ya shiga buɗe tambayoyin da ya rufe, yana bin su da ƙaton rubutu a allon kwamfuta saboda raunin ido. Kowace ya fara ta da gaisuwa, ya nemi afuwa, sannan ya yi bayani dalla-dalla. Ba a ce harshensa ya koma zuma ba, domin yakan rubuta amsa mai zafi, ya tashi ya zaga tsakar gida, ya dawo ya goge. Mafi yawan masu tambayar ba su waiwaye shi ba, sun daɗe da komawa wasu manhajojin. Dogo ma, da ya rubuta masa yana neman afuwa, sai a shekarar 2015 ya amsa, da layi guda: "Na gama koyon karatun, Malam. Ina aikin?" Tare suka kafa sabuwar ƙa'ida, cewa ba wanda zai rufe tambaya sai mai ita ya ce ya gane. A shekarar 2019 ya miƙa wa Dogo ragamar manhajar, lokacin zauren ya sake cika.

Ƙarshen Rayuwa da Rasuwa

A shekarunsa na ƙarshe ganinsa ya ƙare, sai dai kwamfuta ta karanta masa rubutu da murya. A farkon shekarar 2024, yana kwance ba lafiya, ya sa autarsa ta rubuta masa tambaya a zaure a matsayin wani dattijo marar gani, ta farko a rayuwarsa, kan yadda zai sa muryar ta karanta masa jadawali aji bayan aji. An taɓa amsa irinta. Duk da haka wata sabuwar mai taimako, wadda ba ta san ko shi waye ba, ta gaishe shi, ta yi bayani daga tushe, ta ƙare da cewa: "Baba, ka gwada. In bai yi ba ka faɗa min, sai mu sake bi tare." An karanta masa, ya sa aka maimaita, ya ce zai gwada in ya ji sauƙi.

Allah ya yi masa rasuwa a makon da ya biyo baya, a gidansa, yana da shekara sittin da uku. An yi masa sutura, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan tashar jirgin ƙasa, kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa Malama, da 'ya'ya huɗu: Babba, injiniyan ruwa, Yaya Nas, ma'aikaciyar jinya, Ɗan Tsakiya, direban babbar mota, da Auta, malamar makaranta. Ya kuma bar tambayarsa a zaure. Wasu sun nemi a rufe ta don girmamawa, Dogo ya ce mai ita bai ce ya gane ba tukuna. Har yau a buɗe take.