Shekarar da Na Kulle Ƙwallo a Akwati

Yayana aikin dako yake yi a tashar jiragen ruwa ta Jidda. In ya zo gida Zahir, unguwarmu a Makka, yakan taho wa Inna da tsofaffin jaridu don ƙunshe soyayyar gyaɗar da take sayarwa. Wasu ya ce a jirgin 'yan Nurwij ya samo su, wato mutanen Norway. Ni kuwa kafin Inna ta yayyaga, sai na zare shafin da ke da hoton ƙwallo.

Ban iya karatunsu ba, har yau ma ban iya ba. Lambobin Turawa kawai na sani, a jikin gwangwanin kifi na koye su. A shafin akwai jadawali, sunayen manyan ƙungiyoyinsu a jere, lambobi a gaba. Na yi ta gwada na wannan mako da na wancan har na gano abin: wanda ya ci maki biyu, kunnen doki maki ɗaya, kowa sai ya kara da kowa sau biyu. Ranar da na gane, ko tuwo ban iya ci ba.

Mu da, wasan yini ɗaya muke yi. A buga da la'asar, a yi faɗa, da magariba an manta wa ya ci. Ga mutane suna jan wasa wata da watanni, a rubuce. Da Yaya ya kawo mini tsohuwar ƙwallon fata daga wurin matuƙan jirgin, sai na ce mu ma kakar wasa guda za mu yi irin tasu. Na haɗa ƙungiya huɗu: biyu a Zahir, ɗaya ta samarin da iyayensu suka zo ta Sudan, ɗaya ta 'yan unguwar Kudai. Kyaftin ɗin Kudai wani dogo ne mai gyaran motocin alhazai, ya girme ni kaɗan. Jadawalinmu a bayan kwalin shayi na zana shi. Burina ɗaya, mu kai ƙarshe a ga zakara a rubuce.

Zagayen farko ya yi daɗi. Filin duwatsu ne, raga kuwa takalma biyu, amma har masu shayi suna baro tukunya su zo kallo. Ƙungiyarmu na sama a jadawali, Kudai na bin mu.

Sai sanyi ya shigo, jadawali ya ɓace daga jaridun. Maimakonsa hotunan mutane a kan dogayen katakai, suna sulu a kan farar ƙasa. Na ɗauka yashi ne. Na binciko tsofaffin shafukan bara, na ga haka aka yi, an tsaya da sanyi, an dawo da zafi. Na ce ashe doka ce. Na tara kowa na sanar da hutu, na sa ƙwallon a akwatin Inna na kulle.

Dogon Kudai ya dube ni ya ce, "Ya shaihu, yanzu da iska ta yi daɗi? Mutum ya yi gudu bai ga jiri ba, shi ne za ka rufe?"

Na ce haka manya ke yi. Ya ce manyan su zo su buga a Makka da azahar mu gani. Aka yi dariya. Ni dai mabuɗi na wuyana.

Wata huɗu ina wucewa ta filin da la'asar, sararin sama garau, ba kowa. Da jadawali ya dawo a jarida na buɗe akwati. Duwatsun filin sun fara ƙona tafin ƙafa. Wasa ɗaya muka yi, mai tsaron gidanmu ya zube, aka yi ta sheƙa masa ruwa. Azumi ya kama. Bayan salla kowa ya shiga shirin aikin Arfa, masu ruwa, masu shara, masu abinci. Na kira wasa, mutum biyar suka zo.

A ƙarshe Yaya ya tambayi wani matuƙi dalilin hutun, da hannu da guntun Turanci. Ya dawo yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce farin nan ba yashi ba ne, ƙanƙara ce ke binne musu fili har gwiwa, shi ya sa suke tsayawa.

Ashe tun cikin sanyin dogon ya sa wani baduku ya ɗinka musu ƙwallo, ƙungiyoyin sun koma Kudai, suna ta bugawa ba ni. Bayan hajji na ɗauki tawa na taka har can. Ya karɓa, ya matsa ta da babban yatsa.

"Ta sace," ya ce. "Yalla, ba mu da mai tsaron gida. Shiga, kafin ka ba mu hutu."

Na cire takalmana na ajiye a matsayin raga, na tsaya a tsakaninsu.