Malam Haggai, Wanda Ya Fara Sara Kabarin Yari

Ƙarfe shida na safe Malam Haggai ya riga ya yi addu'a, ya sha kunu, ya ɗaure rikodarsa a bayan babur. Matarsa Alice ta daina tambayarsa inda za shi, don amsar ba ta canzawa: akwai wani tsoho a Danko ko Ribah da bai gama ba shi labari ba. In yana da aji a kwaleji ya koyar tukuna, in babu sai la'asar a gan shi, ƙafar wando duk ƙarangiya. Shekara talatin da ɗaya yana haka, har wannan watan da ya ajiye alli. Abokan aikinsa suna yi masa tsiya, wai wasu sun je Zariya karatu sun dawo da mota, shi ya dawo da kunne.

Abin da ya fi bincike a kai shi ne golmo, noman da saurayi ke yi da abokansa a gonar suruki shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Ya cika kwalaye da kaset na muryoyin tsofaffi. Da yawa sun ɗauka aikin banza ne, amma mutanen ƙauyen Manga sun bar faɗin haka tun bazarar 2002.

A bazarar ne wani tsohon ƙauyen, Yari, ya rasu. Bai taɓa shiga coci ba, bai taɓa shiga masallaci ba, ya kuma bar 'ya'ya maza biyu uwa ɗaya uba ɗaya: Dawuda, tsohon soja kuma dattijon coci, da Muntaka, wanda ya musulunta yana cinikin hatsi a kasuwar Zuru. Kowanne ya rantse a maƙabartarsu za a kwantar da ubansa. Zukata kuwa a dagule suke a shekarun nan, kullum rediyo na kawo labarin garuruwan da aka ƙone. Kafin hantsi samarin ɓangarorin biyu sun cika ƙofar gida da sanduna. Fasto ya yi magana, liman ya yi, babu wanda ya saurara. Gawa tana ɗaki, ga zafi.

Da Malam Haggai ya iso, an zaci lacca zai yi, tunda ba ya gajiya da magana. Sai ya yi gaisuwa kawai, ya ari diga, ya nufi bakin gona a gindin dutse, inda aka binne matar Yari. Tsofaffi uku suka bi shi, abokan golmon mamacin, waɗanda Malam ya biya ta gidajensu ya kira tun a hanya. Ya cire tabarau ya fara sara. Ƙasar ta bushe ƙamas, shi kuma rabonsa da aikin ƙarfi ya jima.

Dawuda ya taho a fusace yana tambayar wanda ya sa shi, Muntaka na biye. Malam ya ɗago yana haki.

"Damina bakwai ubanku ya yi yana noma don ya samu matar da ke kwance nan. Da bakinshi ya gaya mani, ga kuma waɗanda sunka yi noman tare da shi. To, cikinku wa ya fi ta haƙƙi gare shi?"

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya miƙe da ƙyar zai karɓi digar. Muntaka ya kasa kallon haka, ya riga shi. Can Dawuda ya tuɓe riga ya ɗauki shebur. Kafin la'asar an rufe Yari kusa da matarsa, kowane ɗa ya tsaya shiru ya faɗa wa Allah abin da ke ransa. Samarin suka watse da sandunansu, da yunwa, da kunya.

Tun daga nan aka riƙa kiransa rigimar burtali da ta iyakar gona, kuma bai taɓa zuwa ba sai ya fara zama da tsofaffin wurin. Abin takaici, ana raba lambobin yabo a manyan otal-otal, sunansa bai taɓa fitowa ba.

Malam Haggai, mai kunnen basira, kai ne ka yi mako guda ba ka iya riƙe alli ba saboda kanta a tafin hannu, ba ka kuma gaya wa ɗalibanka dalili ba. Kai ne ka nuna mana cewa karatu yana iya tsayawa tsakanin sanda da kai. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar hutawa. Masu ilimin ƙasar Zuru, ku fito daga ofis ku zauna da tsofaffinmu tun suna da baki, wata rana maganarsu za ta tsare jini.

Dawuda da Muntaka har yau suna gardamar addini, tare kuma suka zo taron sallamarka. Da aka ba Muntaka dama ya yi magana, bai tsawaita ba.

"Ba don mutumin ga ba, kabari biyu za a gina ranar. Har yanzu ban san na biyun nawa ne ko na ɗan'uwana ba."