Idon Kyamarar da Aka Gwada a Rana

A Damargu ba ma sayen abu a inuwa. Turmin atamfa sai an fito da shi bakin ƙofa an ɗaga, rago sai an ja shi tsakar rana an buɗe masa baki. Haka na taso, kuma shekarun da na yi ina koyar da Faransanci a kolejin Tanut ba su raba ni da wannan ɗabi'a ba.

Ƴata ta fari tana wasan takwando, wannan na shura ƙafa cikin fararen kaya. An sa gasarta ta ƙarshe kafin ta tafi jami'a Yamai, a zauren gidan matasa, inda ƙwayayen lantarki ke ba da haske kamar roƙonsu ake yi. Abu ɗaya nake so: hotonta tana sama, ƙafa a miƙe, wanda ni ubanta na ɗauka da hannuna, ta tafi da shi.

Sai na hau mota zuwa Damagaram wurin abokina mai shagon hoto, wanda muka zauna benci ɗaya tun lakwal ta fari, wato firamare. Na faɗa masa komai, har duhun zauren, wanda ya sani sarai don ya sha yin aikin biki a ciki.

"Mushe, ka zo gida," in ji shi, da laƙabin da ake kiran malamin lakwal da shi a wurinmu. "Kai da ka saba da alli, bar mini wannan."

Ya zaɓar mini kyamara, sannan ya ajiye idanunta iri biyu a kan tebur, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaba. Ɗaya dogo kamar taɓarya, ɗaya gajere mai faɗin baki. Hannuna ya kai kan gajeren.

"Haba mutumina! Da wannan murfin kwalba za ka shiga cikin jama'a? Ɗauki na manya. Zo waje ka gani da kyau."

Muka fita. Rana tsaka, Damagaram na ƙuna. Na auna wani mai amalanke can nesa, na ga har zufar goshinsa. Ban nemi a koma ciki a gwada ba. Wanda kuka raba ƙosai da shi a bakin lakwal, ba ka ce masa ya rantse.

Ranar gasa na shiga zauren da taɓaryata a wuya, iyaye suna matsa mini hanya. Yarinya ta fito, ta yi tsalle, na danna. Na duba: wani farin hayaƙi mai ɗaure da baƙin ɗamara. Na sake, haka. Dogon idon ashe ba ya shan haske sai mai yawa, kafin ya ƙoshi ta riga ta sauka. Ta ci wasanta kaf, ni kuwa na tara aljanu cikin kyamara.

Ina ɗaga kai sai ga abokina durƙushe a bakin tabarmar wasa, gajeren nan a gaban kyamararsa. Ban san ma zai zo ba. Daga baya na ji cewa masu shirya gasar sun yi niyyar bar mini aikin hotunan ranar tunda ina gari, labari kuma ya kai masa tun kafin in kai kaina shagonsa.

Washegari ya yi sallama a ƙofar gidana da hoto cikin gilashi. Ga ta a sama, ƙafa a miƙe, har zaren ɗamararta ana gani. A ƙasa, tambarin shagonsa da manyan baƙaƙe.

"Kyauta ce ga ƴarmu," in ji shi. "Mushe, naka fa, sun fito?"

Yarinya ta rungume hoton, tana cewa, "Baba, dubi! Baffa, Allah ya saka da alheri!"

Tana tsaye tana kallona, don haka na ce masa na gode. Da wannan hoton ta tafi Yamai.