Ranar da Na Gyara wa Bature Turancinsa

Shekarun baya, wata ranar Litinin da hantsi, washegarin kasuwar Illela, na tsinci kaina a wata ruga da ke bayan Araba. Mu uku ne a gindin wata tsamiya: ni, da abokina Arɗon rugar, da wani Bature likitan dabbobi wanda aka roƙe ni in yi masa tafinta.

Ya kamata mai karatu ya san irin mutumin da nake. Aiki ya kai mahaifina kudu ina ƙarami, a can na yi karatu a hannun 'yan mishan, wurin wani malami da ba ya yafe kuskure. Idan ka ce borrow, wato karɓar aro, a inda ya kamata ka ce lend, wato ba da aro, sai ka wuni a tsaye. A wurinsa na koyi cewa babu kalmomi biyu na Turanci da suke daidai da juna, kuma da wannan aƙida na koyar a Illela har ɗalibai suka riƙa sauya hanya idan sun hango ni.

Abin da ya kai mu rugar ba ƙarami ba ne. Labari ya zo cewa bushiya, cutar nan mai kashe shanu, ta ɓulla a hayin iyaka, wajen Ƙonni. Likitan ya zo da allurar rigakafi, amma Arɗo ya ƙi fito da garkensa, kuma muddin bai fito da nasa ba, babu makiyayin da zai fito da ko maraƙi. Wannan ne zuwan likitan na uku, kuma ya ce idan aka sake ƙi, zai wuce Garu da maganinsa, ba zai dawo ba.

Na ja abokina gefe na tambaye shi dalili, domin na san ba jahili ba ne. Shi ne ma ya taɓa ba ni labarin yadda irin wannan annoba ta shafe dukiyar kakansa a zamanin daula, kafin zuwan Turawa, har tsohon ya koma kiwon shanun wasu.

Ya ce, "Malam, mi kake so in yi? Wanga mutum zuwa biyu ya yi. Uwar gida ta kawo mai kindirmo, ya ɗaga hannu awa an kawo mai guba. Ya koma cikin mota yana cin abin gwangwani shi kaɗai. Wanda ya ƙi abin da saniya ta bayar, shi za ni bari ya soki saniyar?"

Na ce, "Arɗo, tsoron ciwon ciki yake."

Ya ce, "Ni ma tsoron allura tai nike. To wa za ya fara?"

Na koma wurin likitan na faɗa masa yadda muka yi, ban rage ba, ban ƙara ba. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce cikin Turanci bai gane wannan taurin kai ba, ya yi tafiya mai nisa domin amfaninsu, kuma ai shi guest ɗinsu ne, ya cancanci a saurare shi.

A nan ne halina ya motsa. Na gyara tsayuwa kamar ina gaban allo, na ce, "Gafara dai Likita, ka yi kuskuren kalma. Kai visitor ne, ba guest ba."

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. Na ci gaba, domin idan na fara darasi ba na tsayawa a tsakiya. Na ce visitor shi ne wanda ya zo wuri, ya duba, ya yi abin da ya kawo shi, ya tafi. Mai duba makarantu ma visitor ne, kuma babu mai kewarsa. Amma guest shi ne wanda aka karɓa, ya zauna a shimfiɗar mai gida, ya ci abincinsa. Da ya ci, haƙƙi ya hau kan kowannensu. Na ce, "Mu a Hausa duk baƙo muke cewa, sai mu bar hali ya bambanta su. Ku kuka raba kalmar biyu, don haka kai ya fi kamata ka san bambancin."

Sai likitan ya ce, da wata 'yar dariya marar daɗi, bai taɓa zaton zai zo bakin iyaka a koya masa harshen uwarsa ba. Na ce ban taɓa zaton zan samu ɗalibi mai furfura ba.

Ana haka sai ga matar Arɗo ta fito da ƙwarya rufe da faifai, kamar yadda ta yi a zuwan farko da na biyu, domin a ruga ba a fasa kawowa don an taɓa ƙi. Ta durƙusa ta ajiye, ta ce da ni, "Malam, hwaɗa mai in bai sha ba kai ka shanye, kar in koma da ita a yi min dariya."

Likitan ya dubi ƙwaryar, ya dubi motarsa. Sai ya cire hularsa, ya zauna a kan tabarma, ya karɓi ludayi. Ya sha ɗaya, ya runtse ido, ya sha na biyu. Sai Arɗo ya juya ya ɗaga sandarsa ya kira a koro shanu.

Sai a hanyar komawa na gaya wa likitan cewa madarar kindirmo sai an dafa ta kafin a kwantar, don haka tsoronsa bai da tushe sosai. Ya taka birki ya ce me ya sa ban faɗa tun farko ba. Na ce ba a ba ɗalibi amsa kafin jarrabawa. Ya ja motar, fuska a ɗaure, har Amarawa.

Na yi shekaru ina ba da wannan labari a matsayin nasarar ilimina. Yanzu da na tsufa, ina ganinsa dabam. Ni ma'anar kalmomin kawai na bayar, ban yi asarar komai ba. Shi ne ya sha abin da ya yi imani zai kwantar da shi, Arɗo kuma ya miƙa dukiyar gidansa duka ga allurar da bai sani ba. Har yau ina gyara wa jikokina Turanci, kuma ba zan daina ba, amma idan muka zo kan waɗannan kalmomi biyu, muryata takan yi ƙasa.

An yi wa garken Arɗo allura a ranar, sauran rugage suka biyo baya. Bushiya ta ƙetaro da kaka. Shanun da aka yi wa allura sun tsira.