Buhu Mai Hula

Shekara goma sha huɗu makullin siton Alhaji na Gashuwa yana aljihuna. Kafin nan dako na yi. Kafin dako, su na yi a Dagona har ruwa ya ci kwalekwalena. Ban yi boko ba. In buhu ya shigo sito in ja layi da gawayi a bango, in ya fita in goge. Ba a taɓa neman buhu a hannuna an rasa ba.

Alhaji riɗi yake saye. Mu tara a Gashuwa, mu loda zuwa babban sitonsa na Nguru, daga can a wuce da shi Kano. Da ƙafa ta fara ba shi wahala, babban ɗansa ya dawo daga karatu ya karɓi harkar. Shi ya kawo abin da suke kira sistem. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da zuwa garin ba.

Aka ajiye kwamfuta a ɗakin da ke bakin sitona, da akawu, da ƙaramin janareto. Aka ajiye wata a Nguru. Ɗan Alhaji ya zaunar da ni.

Ya ce, "Baba, da kowa nasa ya sani. Yanzu wuri ɗaya ne. Mai saye ya saya, sito ya sani. Sito ya loda, direba ya sani, Nguru ta sani. Ni kuma ina zaune ina ganin komai."

Na ce, "Wa zai gaya mata?"

Ya ce, "Akawu."

"Wa zai gaya wa akawu?"

"Kai."

Na ce, "Ashe ni ne sistem ɗin."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba, tambaya nake.

Ba zan ce abin bai yi amfani ba. Tun buhunan da ba komai a ciki ba su ƙare ba, sai ka ga an aiko wasu daga Nguru, ban aika kowa ba. Direba ya daina zuwa ya tarar ba kaya. Amma doka ɗaya ce: mota ba ta tashi sai takarda ta fito. Ranar da layi ya ɗauke, mota cike, direba a zaune, hanya a buɗe, amma ba tafiya. Na tambayi akawu abin da muke jira. Ya ce Nguru ba ta ji mu ba tukuna. Na ce ai in motar ta isa za su gan ta. Ya ce ba haka ake yi ba.

Wata na biyu aka ce in zo Nguru, kuma in taho da makulli. Wanda ya yi aikin sito ya san abin da wannan yake nufi. 'Ya'yana bakwai, ga uwarsu, kuma shekaruna sun wuce na komawa dako.

Na sami ɗan Alhaji a ofis, Alhaji yana kan tabarma can gefe da carbi, hankalinsa ba ya kan maganarmu. Ga kuma mai siton Nguru, wani Babarbare da muka daɗe muna tsokanar juna. Ranar bai tsokane ni ba.

Ɗan Alhaji ya juyo da kwamfutar wajena, kamar zan karanta. Ya ce, "Baba, motar Talata buhu nawa ka loda?"

Na ce, "Ɗari."

Ya dubi mai siton Nguru. "Kai nawa ka karɓa?"

"Ɗari da goma sha shida."

Ya ce haka yake a kowace mota. Gashuwa ta tura kaɗan, Nguru ta karɓi da yawa. Sistem ta ƙi yarda, don ba ta karɓar abin da ba a turo ba. Kaya na nan jibge, ba a iya sallamar motar Kano.

Na ce, "To kaya ne suka ɓata?"

"A'a, ƙaruwa suka yi."

"Ƙaruwa ce laifin?"

Ya ce, "Baba, ka gane. In kana fitar da buhu goma sha shida da sistem ba ta sani ba, akwai kaya a sitonka da ba ka faɗa ba. Waɗannan sun zo nan. Nawa ne ba su zo ba?"

Kaina ya kulle. Na san ɓarawon da ke ragewa. Ban taɓa jin wanda ke ƙarawa ba. Na fara zargin gawayina. Na fara zargin idona. Har na tuna ko tsufa ne ya zo ban sani ba. Na ciro makullin na ajiye a kan tebur, don ban iya roƙo ba.

Mai siton Nguru ya ce, "Ni dai da hannuna na taɓa kowane buhu."

Na ce, "Ni ma da hannuna."

"To ɗayanmu bai iya ƙirga ba, kuma kowa ya san mutanen bakin ruwa."

Na ce, "Nuna mini buhunan."

Muka fita, ɗan Alhaji yana biye da mu. A cikin siton buhuna a jere har sama, ɗinkakku tsaf, kawunansu a shafe. Na duba, na sake dubawa. Na ce, "Waɗannan ba buhunana ba ne. Ina hulunansu?"

Ɗan Alhaji ya ce, "Wace hula?"

Na zaci wasa yake. Wanda ya taɓa sayen hatsi a ƙauye ya san hula. In buhu ya cika, sai a ɗora wani guntun buhu a kansa, a ƙara zubawa, a ɗinke. Haka muke saye a Katuzu, haka a kasuwar Jajimaji. Buhu ɗaya ake kiransa. Kano kuma ba sa karɓar mai hula, sai shafaffe. Saboda haka da mota ta sauka, mai siton Nguru yakan sa a farke hulunan a zuba a sababbin buhuna, sannan ya ƙirga. Haka yake yi tun kafin a san da ni. Ni ina ƙirga masu hula, shi yana ƙirga marasa hula. Alhaji ya san duka biyun, a kansa yake riƙe da su, bai taɓa faɗa ba don ba wanda ya taɓa tambaya.

Ɗan Alhaji ya dafe kai. "Baba, me ya sa ba ka gaya wa akawu ba?"

Na ce, "Buhu nawa yake tambaya ta. Bai ce da hula ko ba hula ba."

Da muka koma ofis aka gaya wa Alhaji, ya yi dariya har da tari. Ya ce wa ɗansa, "Kwamfutar taka ba ta taɓa zuwa kasuwa ba?"

Ɗan ya ce abu ne mai sauƙi, za a koya mata cewa buhu iri biyu ne. Ya tambaye ni hula ɗaya tiya nawa ce. Na ce ta wane gari? Ta Katuzu daban, ta Jajimaji daban, kuma ya danganta da hannun mai ɗinki da yadda aka yi ciniki. Sai ya ɗauki makullin ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba."

Na ce, "Ba komai." Na sa a aljihu.

Bayan sati biyu aka kawo sikeli Gashuwa. Daga ranar ba a tambaya ta buhu nawa. A ɗora, akawu ya duba, ya buga. Hula ko ba hula, nauyi ake faɗa. Gashuwa da Nguru suka daina saɓawa, motar Kano ta daina kwana.

Na ƙara shekara shida da makullin. Ni nake buɗewa, ni nake rufewa. Amma in ana son sanin abin da ke cikin sitona, Nguru ake bugawa waya, ni ina tsaye a bakin ƙofar. Wannan har yau ban gane shi ba.

Gawayin ban daina ba. A bayan ƙofa nake ja, inda akawu ba ya leƙawa.