Tahiru Mai Tarko da Dilan Madam

In hanya ta taɓa bi da ku ƙauyukan Hamdara kuka tambayi gidan Tahiru, za a ce wane Tahirun? Ku ce Mai Tarko. Ko akuya sai ta nuna muku ƙofa.

Tarko gado ne a gidansu. Ubansa ya bar masa guda bakwai, ƙirar wani maƙerin Mirriya, shi kuma ya shekara arba'in yana ɗana su a bakin gonaki. Duk dilan da ya ci kazar wani, Tahiru ake kira. Wutsiyoyin da ya yanko suna nan rataye a zaurensa kamar irin masara. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma in ya duƙa a kan sawu zai gaya maka da yunwa dabbar ta wuce ko da ƙoshi. Aikin nasa ya yi kyau har ya wuce gona da iri: damina shida ba a ji kukan dila a yankin ba. Kaji suka yi ƙiba. Kurege ma ya yi ƙiba, da gyaɗar mutane.

Abu na biyu da aka san shi da shi, baƙo ba ya barin gidansa hannu rabbana. Ko hanya ka tsaya tambaya, sai ka tafi da gyaɗa a aljihu.

Ana nan sai ga Madam Raliya a kan moto mai ƙafa biyu, malamar jami'a daga Damagaram, da 'yan akwatunan ɗaukar hoto. Bincike take yi, in ji ta, a kan dila da kurege, da yadda manomi zai zauna da naman daji ba tare da ya rasa kajinsa ko gyaɗarsa ba. Hoton dila take nema. Mai gari ya dubi Tahiru ya ce, "Ga baƙuwarka."

Tahiru ya bugi ƙirji a gindin tsamiya, gaban kowa. "'Yata, kafin kasuwar Mirriya ta ci sau uku, za ki ga dila."

Dodo, taubashinsa, wanda bai taɓa barin maganar Tahiru ta wuce lafiya ba, ya ce, "Wane dila? Na ratayen zaurenka?"

Aka yi dariya. Tahiru ma ya yi, amma ya fi kowa sanin gaskiya Dodo ya faɗa.

Madam ta ɗaura akwati ɗaya a jikin gawon da ke gonar Tahiru. Ta ce, "Baba, da dare suka fi fitowa, lokacin nake sa rai." Daga nan Tahiru ya yanke wa kansa hukunci: akwatin nan gardi ne, irin mai gadin nan, dare yake aiki, da rana barci yake. Bai tambaya ba. Babba ba ya tambayar 'yar cikinsa abin da ya riga ya gane.

Kasuwa ta ci sau ɗaya, ba sawun dila. Ya share gindin gawon tas, ya ajiye ruwa a kasko. Shiru. Kasuwa ta biyu ya sayo hanjin akuya wajen mahauci ya zuba, ya koma gefe yana kukan dila da bakinsa. Ungulu ce kaɗai ta amsa gayyata.

Da kasuwa ta uku ta matso, sai ya tuna Dodo yana da kare, ja, siriri, mai dogon baki. Ya yaudare shi da tuwo har gona da la'asar. A gaban akwatin, tunda barci yake, ya zauna ya goga wa karen gawayi a gadon baya, ya ɗaura masa wutsiya ɗaya daga na zaure, ya ɗaure shi da doguwar igiya don ya yi ta kai da kawowa in dare ya yi. Karen ya cinye tuwon, ya tauna igiyar, ya riga Tahiru isa gida da wutsiya biyu.

Ranar da Madam ta dawo, ta buɗe ordinatar, kwamfutar nan tata, a gindin tsamiya, gari ya taru. Hoto na farko: Tahiru da tsintsiya. Na biyu: Tahiru a durƙushe, wuya a miƙe, baki a buɗe sama.

"Taubashi, wannan kiran salla ne ko ciwon ciki?" in ji Dodo.

Sai ga gawayi. Sai ga wutsiya. Dodo ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki. "Kwana biyu ina neman wanda ya yi wa karena kwalliyar aure!"

Madam ta toshe baki da gyale. "Baba, ai duk abin da ya motsa yana ɗauka, dare da rana."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ba ka tambaya ba."

Tahiru ya jawo takalmansa zai tashi, ta ce ya dakata, saura wasu da ta tsallake. Hoton asuba ne, gari ya fara haske. Wani ramammen dila, na gaske, kunnuwa a tsaye, yana kwasar sauran hanjin. Bayan kwana ɗaya ga shi kuma, da kurege a baki.

Tahiru ya ajiye takalman, ya gyara zama. "Na ce kasuwa uku, ko ban ce ba?"

Ba a yi sati ba dilan ya ɗauke kazar Hajjo matar Tahiru, kaza mai kwanci ma. Ta sauko da tarko da hannunta ta dire masa a gaba.

"Malam, ga aikinka."

Ya girgiza kai. "Ya ci abincina, ya sha ruwana, ya fitar da ni kunya. Wa ya taɓa ɗana wa baƙonsa tarko?"

"To baƙon naka ya biya ni kazata!"

Shi ya biya, da ginin akurki na laka mai ƙofar ƙarfe, irin wanda Madam ta kwatanta. Tarkunan bakwai suna zaure yanzu, kusa da wutsiyoyin, waɗanda suka ragu da ɗaya don Dodo ya ƙi mayarwa. Karen kuwa, har yau in ba ka kira shi Dilan Madam ba, ba ya waiwayowa.