Bohol ɗin Talatu

Tun ina ƙarama ake ce mini mai kishi, kuma ban taɓa musu ba, domin ina da dalili. Sunan dalilin Talatu.

Gidanmu yana bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, gidan Kaka ne, uwar babanmu. Lokacin girbin citta, da yamma bayan an ci tuwon acca, sai a hura wuta a tsakar gida, a ba kowane yaro wuƙa da kwando ya riƙa tsaga citta don shanya. Yatsu na zafi, hanci na yoyo, amma ba wanda ke gudu, saboda a lokacin ne Kaka take buɗe baki. Mijinta ma'aikacin reluwe ne, an taɓa tura shi Nguru, ta bi shi ta daɗe a bakin hamada. Daga can ta dawo da tatsuniyoyin da babu tsohuwar da ta san su a unguwarmu, da kuma faɗa ga duk wanda ya zubar da ruwa a banza. Mu da ruwan sama yake isarmu har mu gaji da shi, muka ɗauka rigimar tsufa ce.

Talatu 'yar ƙanen babana ce. Uwarta ta rasu tana jaririya, aka kawo ta hannun Kaka. Na girme ta, na fi ta aiki, na fi ta haddace aya a makarantar Lahadi, amma ita ce mai cinyar Kaka. Ba a ba ta wuƙa. Sai ta ɗora kai ta miƙe ƙafa, Kaka tana shafa mata gashi, ni kuwa ina can ɓangaren da hayaƙi yake bi. Na san marainiya ce. Sanin bai rage mini zafin komai ba.

Akwai tatsuniyar da Kaka ta fi maimaitawa. Takan gyara zama ta ce, "Ga ta nan, daga ƙasan rairayi na ɗauko muku."

Mu ce, "Sauke ta mu gani, Kaka."

Wai akwai wani ƙauye a cikin kwari tsakanin tudun rairayi. Ruwa yana nan kusa a ƙarƙashin ƙasa, dabino yana sha da saiwarsa, dabinon kuma shi ke tare rairayi kada ya rufe gidaje. Dokar garin ɗaya ce. Akwai igiya a hannun mai gari, da ita ake auna kowace rijiya, ba a yarda wani ya haƙa ya wuce tsawonta ba. Idan rani ya yi tsanani ruwa ya ja baya, kowa ya rage ɗiba ya jira.

Sai ga maƙwabta biyu, Dogo da Gambo. Lambun Gambo ya fi kyau, baƙi suna tsayawa su yaba. Abin ya tsaya wa Dogo a rai, ya shiga rijiyarsa a ɓoye ya ƙara mata zurfi. Ruwan Gambo ya gangaro wurinsa.

Duk sanda Kaka ta zo nan ta ce "mai kishi", sai yaran gidan su juyo su kalle ni. Wani har ya yi tari da gangan. Nakan sunkuyar da kai in tsaga cittar da ƙarfi kamar ita ta yi mini laifi.

Kaka ta ce, "Ku bar kallon Rifkatu, ku ji na Gambo. Ya je wurin mai gari? Bai je ba. Ya ce shi ba a wuce shi. Shi ma ya shiga rami."

Daga nan kowa ya shiga nasa ramin. Ruwa ya yi ta gudu ƙasa, wanda ake samowa ya koma ɗanɗanon kanwa. Saiwar dabino ta kasa kaiwa, itatuwa suka bushe a tsaye, rairayi ya sami hanya. Makiyaya suka daina biyowa ta nan, mutane suka ɗaure kaya suka watse. Dogo da Gambo ba su ma sani ba, suna can ƙasa suna haƙa, har ramukansu suka ɓulle cikin juna, suka yi ido huɗu a wurin da babu ɗigon ruwa. Igiyar da suka sauko da ita ta yi musu nisa. Dole sai ɗaya ya taka kafaɗar ɗaya kafin a kamo ta.

"To wa zai fara hawa? Dogo ya ce shi, Gambo ya ce shi. Suna can har yau suna gardama. Na sauke, ku kai wuƙaƙen ɗaki."

Na tsani labarin nan, amma ban taɓa barin kalma ɗaya ta wuce ni ba.

Da Kaka ta rasu, muka girma, aka raba filin gidan biyu tsakanina da Talatu aka ja katanga a tsakiya. Tsohuwar rijiyar Kaka ta faɗo ɓangarena. Allah ya gafarta mini, ranar na yi murna, domin karo na farko ke nan na sami abin da Talatu ba ta samu ba. Ni na zama malamar firamare, ita ta shiga sayar da citta, Allah ya buɗa mata. Gari ya cika, ruwan famfo ya zama sai an ga dama, sai ta kira masu motar haƙa suka haƙa mata bohol, ta ɗora manyan tankuna a kan ƙarfe. Ta fito da kan famfo waje don 'yan unguwa. Aka sa mata suna Mama Mai Ruwa. A zumuntar mata ta coci aka tashe ta tsaye aka tafa mata, ina zaune a bencin baya ina tafi da yatsu biyu.

Ba a daɗe ba rijiyata ta fara ja da baya da rani, abin da ba ta taɓa yi ba a zamanin Kaka. Daga baya guga ya koma dawowa da laka. Ɗan idon ruwan da ke gangaren bayanmu, inda Fulani suke shayar da shanu, shi ma ya zama tsagaggiyar ƙasa. Na gwammace in aika a sayo mini ruwa daga nesa da in tsaya da bokiti a ƙofar Talatu.

Da na yi ritaya na kira mai haƙa. Ya zaga filin, ya leƙa ta kan katanga ya ga tankunan, ya ce, "Mama, in kina so ruwa ya zauna, sai mun wuce na wancan gidan. Amma in mun wuce, nata zai iya tsayawa fa. Ruwan ɗaya ne a ƙasa."

Ba zan ɓoye ba, maganar ta yi mini daɗi har cikin ƙashi. Na ce ya kawo motar ranar Litinin.

Ranar Asabar da la'asar Talatu ta shigo. Ta zauna a bakin rijiyar, ta leƙa ciki.

"Yaya, na ji za ki yi bohol."

"An hana ne?"

"Ba a hana ba. Nawa ma ya fara jan iska. Masu ruwan leda a kan tudu sun tafi ƙasa sosai. Ina tunani in ƙara zurfi." Ta murza zoben hannunta. "Wannan labarin Kaka na mutane biyu da rijiya, yaya ya ƙare ne?"

Na ce, "Ke da kike kan cinya kike tambayata?"

"Ai barci nake yi, Yaya. Da ta fara taɓa mini kai, shi ke nan. Ban taɓa kai ƙarshen ko ɗaya ba."

Na kalle ta. Sai na ji bakina ya ɗauko labarin daga farko, da irin jan muryar Kaka da inda take tsayawa ta ja numfashi. Da na kai wurin kafaɗa, Talatu tana share hawaye da bakin zane.

"Ke kin sami Kaka duka," ta ce. "Ni ko muryarta na manta. Wallahi ina kishinki."

Ranar Litinin na sallami mai motar. Ita ma ba ta ƙara zurfin ba. Muka huda katangar aka shigo da bututu ɗaya daga bohol ɗinta zuwa ɓangarena, ta rage lokacin kunna inji, muka je tare wurin mai unguwa kan a zauna da duk masu bohol a sa wa abin iyaka. Wasu sun zo zaman, wasu sun ce filinsu ne. Rijiyar Kaka ba ta dawo ba tukuna, kuma ban sani ba ko zan ga dawowarta.

Da can na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga masu hali irin nawa. Yanzu na ga duk wanda ke zaune a kan ruwa ɗaya da maƙwabcinsa ta shafa, mai kishi da wanda ake kishinsa. Kishin nawa dai bai mutu ba, kada in yi ƙarya. Amma yanzu kowace Lahadi bayan coci Talatu takan kwaso jikokinta ta kawo su ɓangarena, ta sa su zauna, ita ma ta ja kujera ta zauna a cikinsu, ta ce, "Ku yi shiru. Yaya za ta gaya mana abin da Kaka ta ce."